Kunu, Shayi da Hanyar Ayari: Tarihin Abin da Damargu Ke Sha a Lokacin Hunturu

Duk wanda ya taɓa kwana a Tanut ko Balbeji tsakanin Disamba da Janairu ya san sanyin Damargu ba abin wasa ba ne. Busasshiyar iska ce take tasowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, babu kurmin da zai tare ta. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, ruwan randa ya gagari alwala. Da asuba, kafin yara su kama hanyar makaranta, wuta biyu ake hurawa a gidaje da yawa. Ɗaya a madafa, inda uwargida take dama kunu. Ɗaya a zaure ko ƙofar gida, inda maigida ko samarin gidan suke ɗora butar shayi a kan gawayi.

In ka tambayi saurayi yau wanne ne abin shan gargajiyar Damargu cikin biyun nan, da wuya bai ce maka shayi ba. Da shi ake tarbar baƙo, shi ake ɗauka a hoto, a kansa ake hira har dare ya raba. Kunu kuwa an bar wa yara da masu jego da marasa lafiya. Tarihi bai yarda da wannan rabo ba. Shayi baƙo ne da bai fi 'yan zamunna a ƙasar nan ba, gero kuma shi ya sa aka san Damargu tun daga Kano har Tarabulus. Ya kamata iyaye da malamai su san wannan labari, domin abin da muka raina shi ne abin da ya fi riƙe cikin yaro a aji.

Ba mu kaɗai ke dafa kayan yaji don sanyi ba

Duk ƙasar da ake tsananin sanyi tana da nata abin sha mai zafi. A ƙasar Folan, can Turai, inda dusar ƙanƙara ke rufe gari a watan Disamba, suna da wani da suke kira grzaniec. Giyar inabi ce suke ɗumamawa da kanumfari da kirfa da ɓawon lemo da zuma, ana sayar da ita a kasuwannin Kirsimeti irin wadda ake ci a babban dandalin birnin Krakow. Wannan ba abin shanmu ba ne, addininmu ya hana, kuma ba don a kwaikwaya aka kawo zancensa ba. Abin lura shi ne kayan da ke cikin tukunyar. Shekaru aru-aru giyar da masu hali na Folan suka fi sha daga ƙasar Hangari ake hauro da ita. Kanumfarin asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya. Kirfa ta gaskiya daga Siri Lanka take. Wato abin da suke ɗauka nasu na gado, kusan duk fatake ne suka kai musu.

Har Afirka ta Yamma tana da hannu a irin wannan tukunya. A ƙarni na 13 da na 14, attajiran Turai suna zuba wa giyarsu wani yaji mai tsada da suka raɗa wa suna ƙwayar aljanna, saboda ba su san inda yake fitowa ba. Ba wani abu ba ne illa citta mai 'ya'ya, wadda ke tsiro a kurmin gaɓar teku wajen Laberiya da Gana na yau. Raƙuma ne suke ƙetare Sahara da ita zuwa tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Arewa, sai a ƙarni na 15 'yan Fotugal suka iso gaɓar da kansu suka riƙa ɗibarta ta ruwa. Abin da tsohuwa take ƙullewa a tsumma ta ajiye a bakin gado, shi sarakunan Turai suke saye da zinariya.

Abin da ke cikin kunu

Yanzu mu leƙa tamu tukunyar. Mai kunu takan surfe gero ta wanke, ta jiƙa shi ya kwana, ta kai niƙa tare da kayan yaji, ta tace ta bar gasara ta kwanta. Da safe ta tafasa ruwa ta sheƙa a kan gasarar tana damawa, in na tsamiya ne ta zuba ruwan tsamiyar da ta jiƙa tun dare. Kowane ɗaya daga cikin kayan yajin nan yana da hanyar da ya biyo.

Kanumfari sunansa ma ya tona asirinsa, domin daga kalmar Larabci ƙaranful aka aro shi, kamar yadda kirfa ta fito daga ƙirfa. An kai irinsa tsibiran Zanzibar da Pemba a farkon ƙarni na 19, zamanin Sarkin Oman Sayyid Sa'id, har suka zama manyan masu noma shi a duniya. Zuwa ƙasar Hausa kuwa ta arewa ya riƙa shigowa, cikin kayan Larabawan Gadamus da Tarabulus. Citta mai yatsu asalinta Asiya ce, amma wadda muke saye yau yawancinta daga kudancin Kaduna take, wajen Kaciya da Kafancan. Masoro da kimba 'yan kurmi ne, fataken kudu suke hauro da su tare da goro. Barkono, wanda muke gani kamar tare aka halicce mu, daga nahiyar Amurka ya fito, bai shigo Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492.

Nan ne bambancinmu da mutanen Folan yake. Kayan ƙamshin duk baƙi ne a wurinmu da wurinsu, amma gindin abin shanmu namu ne. Masu binciken tarihi ta hanyar tono sun samo wasu daga cikin alamun geron noma mafi daɗewa a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, tun kusan shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gero ɗan Sahel ne, nan aka fara noma shi, daga nan ya bazu har ƙasar Indiya.

Rumbun Abzin

Damargu tana zaune ne daidai inda noman damina ke ƙarewa, daga nan sai ƙasar kiwo, sai hamada. Wannan matsayi ne ya ba ta daraja. Mutanen Abzin ba sa iya noma hatsin da zai ishe su. Mutanen Bilma da Faci suna da gishiri da dabino amma ba su da gero. Saboda haka duk shekara ayarin gishiri yakan tashi daga Abzin bayan damina ɗauke da gero, ya ratsa Tenere, ya musanya shi da kantun gishiri da dabino, ya dawo ya gangaro kudu a tsakiyar hunturu. Ƙasar noma ta farko da yake tararwa ita ce Damargu. Raƙuma su ci kara a gonaki su bar taki, Abzinawa su sayar da gishiri su cika taiki da gero, wasu su wuce Damagaram da Tasawa da Kano. Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani duk sun zauna a wannan ƙasa ne a kan wannan musaya.

Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bar Tarabulus a 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg. A watan Disamba na shekarar suka biyo ayarin gishiri na Kel Ewey ƙarƙashin shugabansu Annur, suka shigo Damargu a farkon Janairun 1851, wato a tsakiyar irin sanyin da muke magana. A ƙauyen Tagelel, inda Annur yake da gandu, suka fara rabuwa: Richardson ya nufi Damagaram, daga baya Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir, Barth ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Abin da ya ɗauki hankalin Barth da ya fito daga duwatsun Abzin shi ne gonakin hatsi da rumbuna, ya kuma bayyana Damargu a matsayin ƙasar da ke ciyar da Abzin.

Guzurin mutanen ayari ma gero ne. Akan daka shi da dabino da cuku, a dunƙule, in an sauka a dama da ruwa a sha. Wanda ya tashi da asuba cikin sanyin hamada abin da ya sa a cikinsa ke nan, ya wuni yana tafiya.

A ƙarshen ƙarni na 19 wannan hanya ta ƙara bunƙasa. Ayarin Tarabulus yana biyowa ta Gat da Agadas ya sauka a Jajiduna, babban zangon Damargu na lokacin, kafin ya isa Damagaram da Kano. Suna kawo yadi da takarda da sukari da kayan ƙamshi, suna komawa da gashin jimina da fatu da hauren giwa. Masanin tarihi Stephen Baier ya yi cikakken bayanin wannan ciniki a littafinsa kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar da aka buga a 1980.

Yadda shayi ya iso

To ina shayi a duk wannan labari? A zamanin Barth yana can nesa. Da ya lissafa kayan da ake kawowa kasuwar Kano daga arewa ya ambaci sukari da kanumfari. Shayi kuwa sai da ya je Tambutu a 1853 ya ba da labarin cewa Larabawan garin suna shan sa, ana kawo musu daga Maroko, amma ya fi ƙarfin 'yan ƙasa saboda tsada.

Ganyen da muke dafawa koren shayi ne na ƙasar Sin. Ya shiga Maroko a ƙarni na 18 a matsayin kyautar da Turawa ke kai wa fadar sarki, ya daɗe yana abin masu mulki da attajirai. A tsakiyar ƙarni na 19 ne 'yan kasuwar Ingila suka fara jibge shi a tashar Sawira da Tanja. Ana yawan ba da labarin cewa yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 ne ya toshe musu kasuwannin tekun Baltik, suka juya da kayansu Maroko. Abin da yake tabbas shi ne yarjejeniyar ciniki ta 1856 tsakanin Ingila da Maroko ta sauƙaƙa shigar kayan Ingila, shayi da sukari suka yi araha, suka fita daga fada suka shiga gidan kowa. Daga can fatake suka gangaro da shi Muritaniya da Tambutu. Ta gabas kuma ya biyo hanyar Tarabulus da Fezzan.

Sunayensa sun nuna hanyoyin biyu. A Maroko da Muritaniya da Mali da Senegal ana ce masa atai ko ataya. Mu kuwa muna cewa shayi, daga shahi ko shayi na Larabawan Libiya da Masar. Harshenmu ya riƙe shaidar cewa ta arewa da gabas ya fi zo mana.

Abin mamaki shi ne shayi bai zama na kowa ba sai bayan da hanyar da ta fara kawo shi ta mutu. Faransawa sun kama Damagaram a 1899. A 1911 Italiya ta far wa Tarabulus, a wannan shekarar kuma layin dogo ya iso Kano, kayan Turai suka riƙa zuwa ta teku da jirgin ƙasa a farashin da raƙumi ba zai iya yin gasa da shi ba. Sannan aka yi tawayen Kawusan a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917, Faransawa suka murƙushe shi da ƙarfi, aka kashe mutane, aka ƙwace raƙuma, Abzinawa da dama suka gangaro Damargu da ƙasar Kano. Daga nan alƙiblar ciniki ta juya kudu. Cikin ƙarni na 20, da kantunan Turawa da na Larabawa suka kafu a Damagaram da Kano, motoci suka maye gurbin ayarin Tarabulus, sai ganyen shayi da dunƙulen sukari suka isa kasuwannin ƙauye. Makiyaya suka rungume shi domin ba shi da nauyi, ba ya lalacewa, yana kashe gajiya yana kuma danne yunwa. Buzu ya yi masa ƙa'ida da ladabi: ɗan murhun waya, ƙaramar buta, finjali, dahuwa uku, ta fari mai ɗaci, ta ƙarshe mai zaƙi. Daga rugga ya shigo gari.

Mataki na ƙarshe kusan dukkanmu mun gan shi. Daga shekarun 1990, lokacin da aka buɗe fagen siyasa kuma aikin yi ya yi wa matasa wuya, fada ta bazu a Damagaram da sauran garuruwan Nijar. Samari su shimfiɗa tabarma a bakin titi, buta a tsakiya, a yi ta hira. Wata masaniya, Adeline Masquelier, har littafi ta rubuta a kan fada a 2019. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon rana ta fito ta same shi yana nan, har ya karɓe zaure.

Abin da ya shafi yaranmu

Ba ana cewa a kashe wutar shayi ba ne. Ya zama namu kamar yadda barkono ya zama namu, kuma zumuncin da ake ƙullawa a kansa ba ƙarami ba ne. Matsalar tana inda ya shiga wurin da ba nasa ba, wato cikin yaro da safe.

Malaman firamare a ƙauyukan Gangara da Ollelewa da Tarka sun san yadda ajin hunturu yake, musamman inda aji rumfar kara ce iska tana ratsa ta ta ko'ina. Yaron da aka sallamo da ragowar dahuwa ta uku, ko ruwan shayi da sukari kawai, yakan shigo da kuzari, amma kafin ƙarfe 10 ya fara hamma ya kifa kai. Dalilin a fili yake. Ruwan shayi ba abinci ba ne, sukari ne da sinadarin da ke hana barci. Yana ɓoye yunwa, ba ya maganinta. Ga kuma wani abu da likitoci suka tabbatar: shayi mai ƙarfi in an sha shi tare da abinci yana rage wa jiki iya tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi da wake da ganye, wanda da shi jiki ke yin jini. A ƙasar da ƙarancin jini ya yi wa yara da mata masu ciki katutu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gero kuwa yana cikin hatsin da suka fi wannan sinadari, kuma jiƙa shi da barin gasara ta ɗan yi tsami, kamar yadda iyayenmu mata suke yi tun fil azal, yana taimaka wa jiki ya amfana da shi. In an samu nono ko ƙuli-ƙuli ko ƙosai aka haɗa, yaro ya samu abin da zai kai shi tashi.

Akwai kuma lissafin aljihu. Nijar ba ta noman shayi, sukarin da muke zubawa ma daga waje ake shigo da shi. Duk dalar da ta shiga buta ta bar Damargu ke nan. Wadda ta shiga tukunyar kunu kuwa tana zagayawa tsakanin manomi da mai niƙa da mai tsamiya. Kowane maigida zai iya zama ya ƙirga abin da yake kashewa a ganye da sukari da gawayi a mako, ya ga tiya nawa ta gero kuɗin za su saya. Kakanninmu sun sayar wa hamada gero sun sayi gishiri, abinci ne aka musanya da abin da jiki ke buƙata. Ya kamata mu tambayi kanmu da me muke musanya namu yau, balle a ƙasar da ta sha fari a 1973 da 1984, ta kuma san darajar kowane dami.

Darasi a cikin ƙoƙo

Ga malamai, wannan labari darasi ne da ba ya buƙatar littafi ko kuɗi. A ce wa kowane ɗalibi ya zo da abu ɗaya daga madafar gidansu: zangarniyar gero, ƙwayar kanumfari, citta, kimba, barkono, tsamiya, ɓallin gishirin Bilma, kwalin shayi. A shimfiɗa taswirar duniya, ko a zana ta a ƙasa, a ɗora kowane abu inda ya fito, a ja layi zuwa Tanut. Cikin awa ɗaya yaro zai ga Sin da Indunusiya da Zanzibar da Amurka da Maroko da Tarabulus da Kafancan sun haɗu a garinsu, kuma zai ga cewa gero da tsamiya ba su yi doguwar tafiya ba. Sannan a ba su aikin gida: kowa ya tambayi mafi tsufa a gidansu yaushe ya fara ganin shayi, wa ke shan sa a lokacin, ana ba mata da yara ko ba a ba su, da me ake sa wa kunu zaƙi kafin sukari ya yawaita, zuma ce ko dabino ko mazarƙwaila. A rubuta amsoshin da sunan ƙauye da shekarun mai magana, a adana a makaranta. Tsofaffin da suka ji wannan daga bakin waɗanda suka bi ayari suna ƙarewa, kuma abin da suka sani ba ya cikin littafin Barth ko na Baier.

Ga iyaye kuwa abin ya fi sauƙi. A bar wa manya butarsu, a jinkirta ta zuwa bayan cin abinci. Amma kafin yaro ya ɗauki allo ko jaka a safiyar hunturu, a tabbata ƙoƙon kunu mai zafi ya shiga cikinsa. In ya yatsina fuska ya ce shi shayi yake so irin na yayyensa, a gaya masa cewa da wannan geron aka ratsa Tenere, kuma saboda shi ayari yake sauka a ƙasarsu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuri'a.